Wa Zai Ɗauki Daminar Ƙasar Daura a Fim?

Tun lokacin da wayar hannu ta shiga aljihun babba da yaro, wani irin kallo ya shigo mana wanda ba mu saba da shi ba, har ya raba kan masu hira a majalisu, tun daga ƙofar fadar Daura har zuwa tashar Kongolam, wato finafinan nan da babu faɗa a cikinsu, babu bindiga, babu kishiya mai zuwa gidan boka, babu saurayi da budurwa masu bin juna da waƙa, sai ƙauye da gona da ruwan sama da mutum yana aikinsa a tsanake, wani lokaci ma a daɗe ana kallo ba a furta ko kalma ɗaya ba. Waɗansu suna cewa kallon marasa aikin yi ne. Waɗansu suna cewa ruɗin kai ne na 'yan birni waɗanda ba su taɓa riƙe fartanya ba. Masu kallon kuwa galibinsu ba su da hujjar da za su kawo face cewa idan sun kalla sukan ji ƙirjinsu ya yi sanyi. Ni ina tare da waɗannan na ƙarshe, kuma gara in faɗa tun yanzu, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ina ganin sha'awar irin wannan fim sha'awa ce ta lafiyayyar zuciya, kuma abin takaicin da ke cikin al'amarin shi ne mutumin Sandamu ko Baure sai ya sayi data ya leƙa ƙauyen Sin ko na Japan kafin ya sami abin da ke shimfiɗe a bayan gidansa, wanda masu kyamararmu ba su cika ganin ya isa a tsaya a kansa ba.

Ya kamata a fara da bayanin abin da ake magana a kai, don kada a yi musu a cikin duhu. A lardin Sichuan na ƙasar Sin akwai wata mata, Li Ziqi, wadda ta koma ƙauye wurin kakarta ta dinga ɗaukar kanta tana shuka, tana girbi, tana saƙa, tana girki a murhu, har miliyoyin mutanen da ba su jin ko kalma ɗaya ta harshenta suka zama masu jiran fitowar aikinta, kuma da ta yi shiru na kimanin shekara uku ta dawo a watan Nuwamba na 2024, dawowar tata sai da ta zama labari a jaridun duniya. A Japan, Hayao Miyazaki ya fitar da fim ɗin zane mai suna Totoro a 1988, labarin 'yan mata biyu ƙanana da suka koma ƙauye tare da mahaifinsu saboda mahaifiyarsu tana kwance a asibiti, fim ɗin da babu mugu ko ɗaya a cikinsa, amma ga shi har yau iyaye suna nuna wa 'ya'yansu. A Norwe kuwa, gidan talabijin na gwamnati ya ɗaura kyamara a gaban jirgin ƙasa a 2009, ya nuna tafiyar wajen awa bakwai daga Bergen zuwa Oslo ba tare da an yanke ba, sai duwatsu da ƙanƙara da gandun daji, kuma fiye da mutum miliyan ɗaya suka leƙa suka kalla a ƙasar da jama'arta ba su da yawa. Ruwa ba ya tsami banza. Idan al'ummai uku da ba su haɗa harshe ko addini ko abinci ba suka taru a kan abu guda, wajibi ne mai hankali ya tambayi abin da suka samu a wurin kafin ya yi musu dariya.

Abin da suka samu, a fahimtata, shi ne hutu daga jan da ake yi wa zuciya dare da rana. Mutumin wannan zamani yana farkawa da labarin kisa, ya karya da labarin tsadar masara, ya yini wayarsa tana jefo masa guntayen bidiyo waɗanda aka ƙera kowannensu don ya tayar masa da fushi ko sha'awa ko tsoro cikin ƙiftawar ido, sa'an nan da dare ya kunna fim mai dogon zango wanda aka gina kowane kashinsa a kan ya ƙare da tashin hankali domin a dawo mako mai zuwa. Zuciyar da ake yi wa haka tamkar ruwan tulu ce da ake ta girgizawa, wanda babu abin da yake bukata illa a ajiye shi a bar shi ya kwanta. Fim mai natsuwa kuwa wannan ajiyewar yake yi, domin ba ya neman kome daga mai kallo sai ya zauna ya duba. Masana ma sun taɓa auna wani ɓangare na wannan. A 1984 wani mai bincike a Amurka, Roger Ulrich, ya kwatanta marasa lafiyar da aka yi wa aiki iri ɗaya a asibiti ɗaya, ya tarar da waɗanda tagarsu ke kallon itatuwa sun fi waɗanda tagarsu ke kallon bango saurin sallama, sun kuma fi su ƙarancin bukatar maganin ciwo mai ƙarfi. Ban kawo wannan don in mai da fim magani ba, na kawo shi ne don a san cewa sanyin ƙirjin da masu kallo suke faɗi yana da asali a cikin ɗabi'ar da Allah ya halicci ɗan Adam a kanta.

Na ga wannan da idona a zauren wani dattijo a unguwarmu, manomi wanda ciwon gwiwa ya raba shi da gona, kuma wanda ba ya zama inda ake kallon fim, domin a wurinsa duk wasan banza ne. Jikansa ya zo yana kallon wata mata 'yar Sin tana dasa shinkafa a fadama, ya miƙa masa wayar yana cewa, "Kaka, dubi yadda su ma suke duƙawa." Tsohon ya karɓa da hannu biyu, ya matsar da ita nesa da idonsa yadda masu raunin gani suke yi, ya yi shiru har shayin da aka ajiye masa ya huce, da yaron ya kai hannu zai wuce gaba sai ya buge hannun ya ce, "Kai, bar ta ta kai ƙarshen kunyar." Da ta kai sai ya ce, "Wannan 'yar ta san ƙasa, ba ta danne saiwar." Daga nan ya shiga ba mu labarin fadamar da suka noma da mahaifinsa, da sunan kowace bishiyar da ke bakinta, waɗanda ya ce yanzu ko kututturensu babu. Shin wannan dattijo marar aikin yi ne? Ko kuwa ɗan birni ne mai ruɗin kansa?

Masu sukar da suka fi cancantar a saurare su da ladabi su ne waɗansu daga cikin malamanmu da almajiransu, waɗanda suke ganin fim kowane iri lagwu ne mai shagaltarwa, mai cinye lokacin da ya kamata a ba karatu da ibada. Tsoronsu ba na banza ba ne, kuma kowa ya san nauyin maganarsu a ƙasar nan, tun da ita ce ta sa aka janye shirin gina ƙauyen fim a Ƙofa ta jihar Kano a 2016, a zamanin mulkin ɗan Daura, marigayi Muhammadu Buhari. Amma a duba abin da suka yi kuka da shi a wancan lokaci da ma bayansa: cuɗanyar maza da mata, da rawa, da shigar da ba ta dace ba, da koya wa yara tsageranci. Wanne ne daga cikin waɗannan yake cikin hoton gero yana fitar da kai, ko na garken shanu yana gangarawa mashaya? Hukuncin hoto shi kansa mas'ala ce da malamai suka yi saɓani a kanta, kuma ta ma'abota fatawa ce; abin da nake so in tunatar kawai shi ne cewa duban halitta da idon i'itibari yana daga cikin abubuwan da addini ya fi kwaɗaitarwa a kai. Surori nawa ne aka sanya wa sunan saniya da ƙudan zuma da tururuwa da gizo-gizo da giwa da ɓaure da tsawa? Suratul Gashiya, wadda kowane ɗan makarantar allo ya haddace, ta ja hankalin mutum zuwa ga raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa, abubuwa huɗu waɗanda duk Balaraben da aka fara yi wa magana yana ganinsu kullum, domin gafala takan fi kama mutum a kan abin da ya saba gani. Imamu Gazali kuwa ya keɓe littafi guda ga tafakkuri a cikin rubu'in ƙarshe na Ihya'u, inda ya tara abubuwan da ke tsirar da bawa. To, idan fim ya tsayar da idon yaro a kan yadda tsiro yake fasa ƙasa bayan ruwan shuka, har ya sa ya yi tasbihi ba tare da an ce ya yi ba, ban ga ta inda za a haɗa shi a hukunci ɗaya da fim ɗin da ya koya masa zagin uwar miji ba. Sharaɗin dai shi ne na kowane mubahi, wato kada a wuce haddi, kada kuma a ji kiran salla a ce bari a ƙarasa.

Masu sana'ar fim kuwa hujjarsu ta kasuwa ce, kuma sukan faɗe ta a taƙaice: ba zai sayu ba. Suna cewa Bahaushe yana son magana da rikici da waƙa, kuma wanda ya zuba kuɗinsa a kan gona da tsuntsaye zai kwana da yunwa. Don a yi musu adalci, tarihin sana'ar ne ya kai su ga wannan zato. Kakanninmu sun fara ganin hoto mai motsi ne a majigin Turawa, wanda ake kawowa a mota a kafa a dandali bayan magariba, kuma mafi yawansa wa'azin hukuma ne a kan tsabta da haraji da noma, irin su Baban Larai na shekarun 1950, inda gona take a matsayin allon darasi. Adamu Halilu ya mai da littafin Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim a 1976, ya nuna ayari da rairayi da nisan tafiya cikin nauyi da sannu, amma wannan hanya ba ta sami mabiya da yawa ba, domin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990 aka buɗe kasuwar kaset, sai ya zamana abin da ya fi saurin dawo da kuɗi shi ne salon Indiya wanda jama'a suka riga suka saba da shi a gidajen silima. Daga nan lambu da dutse da bakin ruwa suka zama wuraren rawa kawai, a je a tsaya a gabansu a yi waƙa a dawo, babu wanda ya juya kyamara ya dubi dutsen shi kansa.

Amma idan kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja. Kasuwar kaset da faifai ta mutu, finafinai sun koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24, kuma a wannan sabuwar kasuwa mai kallo ba lalle ya zama ɗan Kano ko ɗan Katsina ba. Akwai Bahaushen Zongon Kumasi, da na Agege, da na Sudan, da na Jidda, waɗanda da yawansu sun tsufa ba su ƙara jin ƙanshin ƙasa bayan ruwan farko ba, kuma 'ya'yansu ba su san bambancin gero da maiwa ba. Akwai kuma baƙon da bai san Hausa ba, wanda fim mai yawan zance ba zai taɓa kaiwa gare shi ba sai an fassara, alhali fim mai ƙarancin magana ba ya bukatar tafinta, kamar yadda aikin matar nan ta Sichuan ya tabbatar. Na yarda irin wannan fim ba zai tara jama'ar da Labarina ko Izzar So suka tara ba, kuma ba na neman a bar waɗannan a koma wancan. Ina cewa ne wanda bai taɓa kai kaya kasuwa ba, ba shi da ikon rantsuwa cewa ba za a saya ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Suka ta uku ita ce ta fi mini nauyi, kuma a kanta zan daɗe, domin daga bakin manoma take fitowa, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Suna cewa waɗannan finafinai ƙarya suke yi da gaskiya: suna nuna koren gona su ɓoye kantar hannu, suna nuna mace tana tafiya da tulu a kai cikin hasken yamma su ɓoye cewa wannan zuwanta na nawa ke nan rijiya tun asuba, suna nuna rumbu cike su ɓoye bashin taki da aka ci a kansa. Wanda ya yi noman fari da maimai a rairayin Zango da azumi a bakinsa, wanda ya ga ƙuduji ya shanye masa gero, wanda ya fita sallar roƙon ruwa shuka tana ƙonewa, wanda iyayensa suka ba shi labarin farin 1973 da na 1984 da yadda aka sayar da shanu a kuɗin akuya, yana da haƙƙin ya ji haushi idan wani ya zo daga birni da kyamara ya mai da wahalarsa abin shaƙatawa. Kallon kitse ake yi wa rogo, in ji su. Wannan magana gaskiya ce a kan wani kaso na finafinan, kuma ni ma ina ƙin fim ɗin da ya wanke ƙauye ya shafa masa turare don ya yi daɗin kallo ga wanda ke zaune a ƙarƙashin fanka, domin wannan zalunci ne a cikin rigar yabo.

Sai dai aibin na mai ɗaukar ne, ba na irin fim ɗin ba, kuma hujjata tana nan kusa, a ƙasar Hausa. Sani Magori, ɗan garin Galmi a Jamhuriyar Nijar, ya yi fim a 2008 a kan wani manomin albasa wanda auren 'yarsa ya rataya a kan abin da gonarsa za ta bayar, ya bi shi tun daga dashe da ban ruwa har zuwa cinikin da ake yi da 'yan kasuwa, da Hausar mutanen wurin, ba tare da gaggawa ba, kuma fim ɗin ya zagaya bukukuwan finafinai a ƙasashen waje. Akwai gumi a cikinsa, akwai fargabar faɗuwar farashi, amma duk da haka mai kallo yakan tashi da natsuwa, saboda ya zauna tare da mutane masu haƙuri har ya ɗan ɗebi haƙurinsu. Ko Totoro ɗin nan da ake kira fim ɗin yara, ai uwa ce kwance a asibiti a tsakiyarsa, kuma tsoron rasa ta ne yake ba korayen gonakin nauyinsu. Ashe natsuwar da ake nema tana fitowa ne daga yadda aka ba kowane abu lokacinsa, wahala da ni'ima duka, ba tare da an yi wa mai kallo ihu a kunne ba. Manomin da ya ce kada a ƙawata wahalarsa ya yi daidai. Amma da za a tambaye shi ko ya fi son kada a nuna shi sam, ko a ci gaba da nuna shi yadda finafinanmu da yawa suka saba, wato baƙauye mai hangame baki a birni wanda aka kawo don a yi dariya, ban yi zaton zai zaɓi ɗaya daga cikin biyun ba.

Akwai kuma masu cewa ba lokacinsa ba ne. Yaya za a yi maganar daɗin daji a jihar da dajin Rugu ya zama mafakar 'yan bindiga, inda mutanen Batsari da Safana da Jibiya suka bar gonakinsu, inda aka kwashe ɗaruruwan 'yan makaranta a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020? Wannan tambaya tana da zafi, kuma ba a amsa ta da wasa. Amsata ita ce yaron da aka haifa a cikin shekarun nan ya tashi bai san bayan gari ba sai a matsayin inda ake kai mutum a nemi kuɗin fansa, bai san shi a matsayin inda ake cin kanya da magarya da ɗinya ba, inda ake kiwo da farauta da sassaƙa da neman magani, kuma al'ummar da 'ya'yanta suka manta amfanin wuri ba za ta yi tsayin daka wajen ƙwato shi ba. Masarautar Daura, da ƙananan hukumominta biyar, Daura da Sandamu da Mai'aduwa da Zango da Baure, Allah ya yi mata sauƙin wannan musiba idan aka kwatanta da yammaci da kudancin jihar, Allah ya ƙara kiyayewa, ya kuma yaye wa 'yan'uwanmu. Wannan sauƙin amana ne. Inda har yanzu mai kyamara zai iya kwana a gona ya wayi gari lafiya, a nan ne ya wajaba a ajiye wa sauran jama'a shaidar yadda zaman lafiya yake, don kada a wayi gari masu tasowa su ɗauka tun fil'azal haka abin yake.

Me ƙasar Daura take da shi da za a ɗauka? Idan aka yi maganar hotonta, hankali yakan tafi ga rijiyar Kusugu da hawan salla da bikin Gani, waɗanda sun cancanci duk kulawar da ake ba su, amma kwanaki ne ƙididdigaggu a shekara. Ni abin da nake so in gani shi ne shekarar kanta. A fara da bazara, lokacin da zafi ya kai maƙura, iska ta tsaya, shamuwa ta sauko ta fara gyaran sheƙarta a kan bishiyar cikin gari ba mai jifanta. A bi ta ruwan shuka, da maigida a gaba da sungumi yana sara, yara a baya suna jefa iri suna rufewa da diddige. A zauna a cikin marka a ji yadda kwaɗi suke cika dare. A zo kaka, a ga dammunan gero, a ji luguden mata a masussuka, a ga ƙaiƙayi yana tashi wajen shiƙa. Sa'an nan a ga Fulani sun sauko da shanu cikin kara bisa tsohuwar yarjejeniyar da kowa ya amfana da ita, makiyayi ya sami abincin dabba, manomi ya sami taki, balbela tana bin su duka. Wannan hoto na ƙarshe shi kaɗai ya fi huɗubobi da yawa a kan zaman manomi da makiyayi, domin gani ya kori ji. Daga nan a gangara bakin dam ɗin Daberam ko na Sabke a ga masu noman rani cikin hazon hunturu.

A tsakiyar wannan duka kuwa akwai gawo, wanda in da ni ne mai ɗaukar fim da shi zan mai da jarumi. Itace ne da ya saɓa wa sauran itatuwa a ɗabi'a, yana zubar da ganyensa da damina lokacin da kowa ke tohowa, ya bar wa gero rana ya kuma ba shi taki, sa'an nan ya yi kore shar da rani lokacin da kowa ya bushe, ya ba dabba inuwa da 'ya'yan ci. Shi ya sa geron gindinsa yake fin na nesa da shi, abin da kowane manomi ya sani tun kafin masana su auna. Ana ba da labarin cewa sarakunan Damagaram na da sun tsananta hukunci a kan mai sare shi. Wanda ya tsallaka iyaka ya nufi Matamaye ko Magarya zai ga gonaki cike da gawo, kuma wannan ba haka kawai ya faru ba: tun daga wajen 1983, lokacin da wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya fara aiki da manoman yankin Maraɗi a kan barin tohon kututture ya girma maimakon a sassabe shi, manoman Maraɗi da Damagaram suka raya itatuwan da masu bincike suka ƙiyasta sun kai miliyan 200 a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5. Abin lura shi ne duniya ba ta gaskata ba sai da aka ajiye hotunan sama na 1975 kusa da na bayan shekara ta 2000 aka ga bambanci. Mu kuwa a wannan gefe na iyaka, inda gatarin mai itace da buhun gawayi suke cin bishiya, shekara nawa aka yi ana kiran taro a kan kwararowar hamada? Mutum ba ya kare abin da bai taɓa tsayawa ya duba ba, kuma ina da yaƙinin cewa yaron da ya zauna ya kalli shekarar gawo guda daga farko har ƙarshe zai yi nauyin hannu ranar da aka ba shi gatari.

Aikin ba ya bukatar dukiya mai yawa, abin da yake bukata shi ne abin da ya fi dukiya wuyar samu a sana'ar fim ta yau, wato haƙurin shekara guda cur a kan gona ɗaya da gida ɗaya, da na'urar ɗaukar sauti mai kyau, da ƙarfin halin barin kukan kurciya da sautin fartanya su tsaya ba a lulluɓe su da kiɗan fiyano ba. Sannu ba ta hana zuwa. Hukumar Finafinai ta Ƙasa da ke Jos, wadda Ali Nuhu yake shugabanta tun daga farkon 2024, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, da ɗaliban manyan makarantun da ke cikin Daura, da attajiranmu masu ɗaukar nauyin gasar ƙwallo da ta dambe, kowannensu yana da abin da zai iya sawa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya: wanda yake son ya kama ruwan farko sai ya shirya tun cikin hunturu. Sharuɗɗan da zan gindaya wa duk wanda ya ɗauki wannan aiki su ne ya nemi izinin maigida da na mai unguwa kafin ya ɗaga kyamara, ya kiyaye hurumin matan gida, ya biya mutanen da ya ɗauka haƙƙin lokacinsu, ya kuma rubuta sunan kowace bishiya da kowane tsuntsu daga bakin tsofaffin wurin tun suna raye. Idan ya gama, kafin ya kai shi intanet ko wani biki a ƙasar waje, ya kafa farin ƙyalle a dandalin ƙauyen ya fara nuna wa masu gonar, idan kuma tsofaffi suka ce ba haka ake huɗa ba, ya jira wata daminar ya sake ɗauka.